Gyaran Muryar Baban Kanari

Litinin, 2 ga Yuni

Yau ma shago tsit. Kanari ya wuni yana goge ƙafafun tebur bai ce uffan ba. Autana ne, shekararsa sha tara. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana rarrafe, don bakinsa ba ya hutawa. In ba waƙa ba labari, in ba labari ba kwaikwayon mutane. Kuma da hannu yake magana, yatsu na yawo a iska, ana karya wuya, har da fari da ido. Tun yana ƙarami in ya fara a gaban baƙi sai in yi gyaran murya, ehem, sai ya sauke hannu. Ban taɓa dukansa a kan haka ba, Allah ne shaida. Gyaran murya kawai.

To yanzu an kwana biyu ban yi ba. Yaro ya nutsu. Murya ta yi kauri, tafiya ta yi nauyi, hannaye a aljihu. Mai walda, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya ce, "Kafinta, ɗan nan naka ya zama namiji fa." Na ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ji daɗi har cikin raina.

Alhamis, 5 ga Yuni

Mamansu ta ce ita wannan shirun bai kwanta mata ba. Wai ko tsokanarta ya daina in tana wanke-wanke. Na ce ke dai ba a iya miki, yaro ya yi surutu ki ce kanki na ciwo, ya yi shiru ki ce ba lafiya ba. Ta harare ni ta juya.

Lahadi, 8 ga Yuni

Kullum Kanari da robar lemo a hannunsa, yana kurɓa kamar mai jin tausayinta. Na ce ɗan ba ni in jiƙa maƙoshi, ya ce ya ƙare. Rowa kuma? A ina ya koya? Ina zargin wata yarinya ce ta shiga ransa. In haka ne ma madalla.

Asabar, 14 ga Yuni

Zarto ya ci ɗan yatsansa. Jini na ɗiga a kan katakon mutane, shi kuwa ya tsaya yana kallo kamar yatsan wani ne. Yaron da in ya ga kyankyaso sai unguwa ta ji! Na ɗaure masa da tsumma, na ce jarumi. Ya dube ni da idanu ja, ya ce, "Na gode, Baba." Da rana na same shi yana barci a zaune, baki buɗe, garin katako a gashinsa. Na kaɗe masa, ban tashe shi ba.

Talata, 17 ga Yuni

Innalillahi.

Bayan azahar na je kai kujeru. Ina dawowa na tarar da mutane a ƙofar shago. Mai walda ya ce an tafi da Kanari asibiti, an same shi a bayan shago tsakanin katakai, kwance, kumfa a baki. Wani saurayi mai gyaran waya a bakin titi ne ya saɓa shi a kafaɗa ya tare mota. Ban san lokacin da na isa ba, takalmi ɗaya a ƙafata.

Likita ya ce maganin tari ne mai sa maye yake zubawa a robar lemon nan, yau kuma ya haɗa da ƙwaya da giya. Ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Na ce likita ka duba da kyau, ɗana ko sigari ba ya sha. Ya ce, "Baba, ba yau ya fara ba."

Ashe nutsuwar ke nan.

Laraba, 18 ga Yuni

Ya farfaɗo. Na shiga da niyyar in wanke shi tas, na tsara maganata tun daga gida. Da na ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi, sirara, sai na manta komai. Na ja mayafin na rufe su. Abin da na iya cewa kawai, ka ci abinci?

Mamansu ba ta ce "na faɗa maka" ba. Da ta faɗa ma ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 20 ga Yuni

Akwai wata nas a ɗakin, gajeriya, bakinta kamar reza, amma tana da kirki. Ɗakin cike da samari. Na ce mata yaran zamani sun lalace. Ta ce in zauna.

Ta nuna min da haɓa. Wancan dako yake yi, yana haɗiyar ƙwaya don ya ɗauki kayan mutum uku, yanzu in bai sha ba ko cokali ba ya iya ɗagawa. Na kusa da taga ya gama karatu da sakamako mai kyau, ya yi ta yawon neman aiki har takalmi ya huje. A ɗakin mata akwai wadda iyayenta ke faɗa kullum, in ta sha sai ta daina jinsu. Wasu kuma abokai ne suka ce ɗanɗana, suka ji kunyar cewa a'a.

Ta ce, "Yawancinsu ba daɗi suke nema ba, Baba. Gudun wani abu suke. Naka me yake gudu?"

Na ce ba abin da ya rasa a gidana, ci, sha, sutura, sana'a. Ta ce, "Na yarda." Amma yadda ta faɗa ɗin bai yi kama da ta yarda ba. Matar nan ta ɓata min rai.

Talata, 24 ga Yuni

Mun dawo gida. Jikinsa na neman abin, gumi, amai, ƙafafu na zogi. Da hantsi na zauna a bakin katifarsa ina matsa masa ƙafa kamar yadda nake yi lokacin da ya yi ƙyanda yana yaro. Mamansu ta fita sayen sabulu. Na ce Kanari, tsakaninka da Allah, me ya kai ka?

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "In na sha, ba ka gyaran murya, Baba."

Na ce me?

Ya ce daga safe har dare gadin hannunsa yake yi. Gadin muryarsa, gadin tafiyarsa, gadin dariyarsa. A titi ana jifansa da sunaye, ya dawo shago kuma yana sauraren maƙoshina. Ya gaji. Ranar da ya fara sha, wani ne ya ba shi a wajen kallon ƙwallo, sai ya ji hannayen sun yi nauyi da kansu, murya ta sauka da kanta, ba sai ya yi gadin komai ba. Ya dawo gida ranar na dafa kafaɗarsa na ce yau ka burge ni.

Na tuna ranar. Wallahi na tuna.

Da ya ga fuskata sai ja'irin ya yi murmushi, leɓe a bushe, ya ce, "Kai ke tari, ni ke shan maganin." Ya yi dariya, ni ma na yi, daga nan ban san yadda aka yi ba na koma ina share ido da hular kaina.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ban je shago ba. Na ce wa mutumin da ya ba ni aikin gado ya yi haƙuri.

Alhamis, 3 ga Yuli

Mai gyaran wayar nan kullum sai ya zo. Dogo, mai kunya, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye ayaba ko lemo, na ɓarewa dai, ya zauna can nesa. In ya shigo fuskar Kanari sai ta washe.

Yau bayan ya tafi na ce kai ka yi dacen aboki. Kanari ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, tunda ka ce tsakanina da Allah. Ba aboki ba ne kawai. Yarinyar da kake jira, ba za ta zo ba." Ya ce ya yi addu'a, ya yi azumi, ya yi kuka, abin bai tafi ba. Wannan ma yana cikin abin da yake sha don ya manta.

Na tashi na fita. Na tsaya a tsakar gida ina kallon igiyar shanya. Ban san me zan yi da wannan magana ba. Ba haka aka rene ni ba, ba haka na sani ba, kuma...

Mamansu ta same ni a wajen. Ashe ita ta daɗe da ganewa. Ta ce, "Maigida, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na daka mata tsawa, wa ya ce miki ya ruɓe? Ni ma ban san daga ina maganar ta fito ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ba mu sake ta da zancen ba. Na kai masa ruwan wanka da kaina.

Laraba, 9 ga Yuli

Ya koma shago shekaranjiya. Yau na yi ɓarna.

Wata mata ta zo duba kabad ɗinta, Kanari ya fara ba ta labarin nas ɗin nan, yana kwaikwayon tafiyarta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a sama. Matar na dariya har da riƙe ciki. Mai walda ya leƙo ya taɓe baki. Kafin in ankara maƙoshina ya yi abin da ya saba. Ehem.

Hannun ya sauka. Labarin ya mutu a tsakiya. Ya ɗauki katako ya juya baya.

Da la'asar ya ce zai je sayo ƙusa. Ya daɗe. Na kasa aiki, na yi ta leƙen titi. Likita ya gaya mana in ya koma yanzu jikinsa ba lallai ya ɗauka ba. Da ya dawo ya tsaya a gabana, ya zaro kwalba daga aljihu, ba a buɗe ba. Ya ce, "Na saya, ban sha ba. Riƙe min, Baba, ni ba zan iya zubarwa ba."

Na zubar a kwata. Na ce masa ba da niyya na yi ba. Ya ce ya sani. Sanin nasa bai rage min komai ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na bi ta wajen mai gyaran waya. Kan wani benci mai ƙafa uku yake zama, ya tokare da bulo. Abin kunya, a unguwar da akwai kafinta. Na tambaye shi ko shi ma yana sha. Ya ce bai taɓa ba, shi ne ma yake ƙwace robar yana zubarwa, har suka yi faɗa. Ranar da ya same shi a bayan shago, zuwa ya yi saboda ya yi ta kiran wayar Kanari ba a ɗauka ba.

Na ɗauke bencin na ce gobe ya aiko a karɓa. Ba don komai ba, ido ne ba ya son ganin aikin banza.

Asabar, 26 ga Yuli

Kanari na zuwa wajen nas duk mako, suna zama da sauran yaran suna magana. Mai dakon nan ya koma sha, an sake kwantar da shi.

A gida kuwa ba a jin kunne. Da safe yana wanka yana waƙa, ya fito ya kwaikwayi yadda nake neman fensir alhali yana bayan kunnena. Mamansu ta ce kanta na ciwo. Na ce Allah ya ƙara.

Mai walda ya ce, "Kafinta, ɗan naka ya koma gidan jiya." Na ce ya ji da ƙarfensa.

Litinin, 4 ga Agusta

Aiki ya yi yawa, gadaje biyu da teburin makaranta. Tun safe muke goge katako, ƙura ta cika shago.

Wajen sha ɗaya wasu mutane suka zo, miji da mata da surukarsu, zaɓen kujeru. Kanari ya tare su. Ya fara nuna musu yadda kowane irin baƙo ke zama a kujera, mai jin kunya, mai neman bashi, surukar da ta zo bincike. Hannaye na tashi, ana karya wuya, muryar nan tasa siririya ta cika ko'ina. Tsohuwar ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ana cikin haka ƙurar katako ta shige min maƙoshi. Tari na gaske, ba na komai ba. Ya taso ya tokare ni, idanuna suka kawo ruwa. Na dubi Kanari, yana tsakiyar labari, hannunsa a sama.

Na haɗiye. Ya sake tasowa, na toshe baki da hula, na lallaɓa ta ƙofar baya, na wuce katakai, na wuce inda aka same shi kwance, na kai har bakin kwata. A nan na yi tarina, na yi ta yi kamar zan amayar da huhu. Mai walda ya ce lafiya? Na ce iska na fito sha.

Da na dawo bai ma san na fita ba. Har yanzu yana kan labarin surukar.

Dole in sayi abin rufe hanci. Ƙurar nan ba ta da kyau ga mai shekaruna, shi ke nan.