Na Kira Inshora Diyya a Gaban Mahaifina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Malam mai kula da wasiƙu, ina roƙo a sakaya sunana, domin da yawa cikin masu karantawa sun san muryata ko da ba su san fuskata ba. Don Allah ku ba ni shawara, lokaci ya ƙure mini.

Ni mutumin Gwandu ne, ina aiki a gidan rediyo a Kaduna, ina fassara labarai in karanta su da Hausa. Ina da mata ɗaya, 'yar Kalgo, da 'ya'ya mata biyu ƙanana. Bana dogon hutuna ya zo daidai da wata ziyara da aka shirya wa wasu ma'aikata zuwa Ingila ta jirgin ruwa daga Ikko, babbar tashar jiragen ruwa ta kudu, a je a ga ƙasa a dawo, kuma sunana ya fito. Da na je karɓar tikiti, akawun kamfanin jirgi ya tambaye ni ko zan sayi inshora. Ya ce kashi uku ce, akwai ta kaya idan akwati ya ɓata, akwai ta asibiti idan ciwo ya kama mutum a can, akwai kuma ta rai idan jirgi ya nutse ko mutum ya rasu a hanya, sai a biya iyalinsa kuɗi mai kauri. Ba dole ba ce. Abin da ake biya kaɗan ne, amma idan ka dawo lafiya ya tafi ke nan.

Ta rai ce ta tsaya mini a zuciya. Gidan da nake ciki na gwamnati ne, ranar da na mutu za a karɓe shi. Abin da zan bari bai wuce keke da littattafai da akwatin rediyo ba. Matata kuwa ta san maraici, mahaifinta kwalekwale ne ya kife da shi a gulbi wata damina tana yarinya, ta ga yadda mahaifiyarta ta rene su da surfe da daka a gidajen mutane. Ban so 'ya'yana su tashi haka. Sai dai ban taɓa yin babban abu ban gaya wa mahaifina ba, don haka na ce wa akawu ya dakata, na kwashi iyali muka taho gida.

Mahaifina malami ne, ya tsufa, idonsa ya fara rauni amma kunnensa ba ya barin kalma ta wuce. Tun a mota nake neman yadda zan faɗi inshora da Hausa. A ofis, duk sa'ad da aka biya mutum saboda wata asara, gona ce hanya ta ci ko shanu ne mota ta buge, diyya muke cewa, bakina ya saba. Na manta cewa a zaurenmu diyya ma'ana ɗaya gare ta, kuɗin jinin wanda aka kashe. Bayan la'asar, yana zaune da yayyena da wasu maƙwabta, na yi masa bayanin tafiya, ya yi murna, sa'an nan na ce akwai wani tsari da kamfani zai biya iyalina diyya idan wani abu ya same ni a teku.

Sai ya ce, "Diyya kac ce? To wa za shi kashe ka?"

Na ce babu kowa. Ya ce in babu makashi babu diyya, in kuwa sun ajiye kuɗin jinina tun ina tafiya da ƙafata, to ciniki muka yi. Ya ƙara da cewa, "Ɗiyanka biyu za ka bar ma diyya su ci?" Mutanen Kano su sani, mu a nan ɗiya muke ce wa 'ya'ya, sai kalmomin biyu suka haɗu a bakinsa, kuma duk wanda ke zauren ya tashi da su.

Na yi ƙoƙarin janyewa. Na ce ajiya ce, ya ce ajiya ana mayar wa mai ita. Na ce kamar adashi ne, ya ce a adashi kowa yana ɗauka da ransa, wannan kuwa ko dai ka mutu su yi asara ko ka rayu ka yi asara, shi bai san sunan da za a ba irin wannan ba in ba caca ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma hana ni tafiya ba. Ya ce in je, zai yi mini addu'ar tafiya kamar yadda ya saba, 'ya'yana kuma nasa ne muddin yana raye. Amma idan na saya, ba zai ɗaga hannu ya yi addu'ar ba, kuma hatsin da aka auna da wannan kuɗi ba zai shiga gidansa ba. Maganar "muddin yana raye" ɗin nan ita ce ta fi damuna, domin ina ganin yadda yake laluben butarsa, yayyena kuma kowa nasa nauyin ya ishe shi.

Kafin in kai iyalina Kalgo, inda za su zauna wajen surukata har in dawo, 'yan kasuwa sun riga mu kai labari. Can ya zama wai na sayar wa Turawa jinina, kuma matata ce ta tura ni. Wata tsohuwa ta zo gaisuwa ta tambayi surukata ko an riga an kawo kuɗin. Matata ba ta san komai ba sai a bakin mutane. Da na yi mata bayani ta saurara har na gama, ta tambaya ko akwai kwalekwalen tsira a cikin jirgin, na ce akwai, ta ce mahaifinta ma ya iya ruwa. Na ɗauka za ta ce in saya. Sai ta ce, "Kada ka saya. In ka dawo ba abin da ya ragu sai kuɗi. In ba ka dawo ba, ni za a nuna a ce na ci jininka, kuma Malam zai karɓe yaran don kada su ci tare da ni."

Na duba kowace hanya. Akawu ya ce zan iya ɗaukar ta kaya da ta asibiti kaɗai, to amma ba akwatina ne ke hana ni sukuni ba, kuma a wurin mahaifina ita ma caca ce. Zan iya fasa tafiyar, sai dai an gaya mini sunan da aka janye ba ya sake fitowa, a gida kuma za a ce tsoron mutuwa ya fi ƙarfin tawakkalina. Na san jiragen nan suna zuwa suna dawowa lafiya, na san ajali yana iya samuna a kan gadona a Kaduna. Amma ni ne mai karanta labarai, na sha faɗin jirgi ya nutse da muryata in wuce zuwa labari na gaba, ban taɓa tambayar wa ke ciyar da 'ya'yan waɗanda ke ciki ba.

Saura hanya ɗaya, in saya a ɓoye a Ikko. Sai dai ranar sallama mahaifina zai tambaye ni, na san shi, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Idan na ce ban saya ba ya yi mini addu'a, na je na saya, na karɓi albarkarsa da yaudara. Idan na dawo babu wanda zai sani. Idan ban dawo ba, ni na huta, matata ce za a kira zaure ta amsa abin da ta ce kada in yi.

To jama'a, musamman malamai da waɗanda suka taɓa hawa teku, shin akwai fuskar da wannan abu ya halatta, wadda zan iya kai wa tsoho ya saurara bayan ya riga ya yanke? In babu, ku gaya mini wanne za ku zaɓa in da ku ne, ku bar wa 'ya'yanku kuɗin da kakansu zai hana su ci, ko ku hau jirgi ku bar su babu komai?