Tawul a Kan Kawu Ya'u

Zuwa ga Yaya Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga nan Jidda, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Hussaini da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Don Allah kada ki karanta mata wannan sai kin kai ƙarshe tukuna.

Kin san Kawu Ya'u da taurin kai. Tun da ya bar gadi a Abhur yake cewa sai ya taka daga Jidda zuwa Makka ya yi umra, kamar yadda mahaifinsa ya yi da ya sauka daga jirgin ruwa. Mutum mai shekara saba'in fa! Na ce ba za ni ba, don iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu tun rasuwar kafilina da ya tsaya mini, ko bakin titi ba na son tsayawa. Amma ranar Talata da na ga ya ɗaura harami ya fita shi kaɗai da gorar ruwa ɗaya, zuciyata ta kasa, na bi shi.

Tsohuwar hanya muka bi, muna ratsa ƙauyuka da garken awaki. Duk motar da ta rage gudu sai gabana ya faɗi. Da rana ta take na roƙe shi ya rufe kansa, ya ce mai harami ba ya rufe kai. Na ce to ga lema, malamai sun halatta. Ya ce ubansa bai riƙe lema ba. Wallahi Yaya, kamar in yi kuka don haushi. Bayan azahar, kusa da Bahra, sai na ga gumi ya daina fito masa, yana kirana da sunan marigayi Baba. Taku kaɗan ya zube.

Wani mai shago, Nayef, ya kama mini muka ja shi inuwa. Na jiƙa tawul na lulluɓe masa kai, harami ko ba harami ba. Nayef ya kira motar asibiti, ya dube ni, ya gane halin da nake ciki, ya ce: "Yalla, ka ɓace, za a tambayi takardu." Na tashi har na kai bayan shagon. Amma Kawu ba ya cikin hayyacinsa, kuma ni kaɗai na san yana da ciwon suga da irin maganin da yake sha. Na dawo na zauna kusa da shi.

Alhamdulillahi ya farfaɗo. Ni kuwa an tambaye ni takardu, yanzu ina tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Ba wanda ya wulaƙanta ni, amma shekara tarar da na yi a nan, halas, ta ƙare. Jiya ɗan Kawu, Abdulghaffar, ya zo dubana, shi zai aiko miki wannan. Ya ce da Kawu ya buɗe ido, faɗa ya fara, wai wane ne ya rufe masa kai. Da aka gaya masa ni ne, aka kuma gaya masa inda nake yanzu, sai ya jawo tawul ɗin nan ya rufe fuskarsa.

Ki gaishe mini da Hafsa da Sajida. Ki ce wa Inna ta sa a share ɗakina, ina nan tafe hannu rabbana, amma ƙaninta yana da rai.

Ƙaninki,
Zaharadden