Gansakuka Ta Ruhe Tabki

Zuwa ga ƙanwata Hajo a Sakkwato,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarki, da maigidanki, da ɗiyanki? Mu nan Keita lahiya lau.

Bazara ta kama, tabki ya ja baya, gansakuka ta ruhe shi kore shar. Jiya na tai ɗibar ruwa. A da, ke kike kau da gansakukar da ƙwarya, ni in tsoma tulu. Yanzu in na kau da ita, kahin in ɗauko tulu ta sake haɗewa. Maƙwabciyarmu A'i ta ce, "Yaya, kira wata ta kama miki mana." Na buɗe baki, sai sunanki ya hito.

Ki roƙa muna Allah ya kawo damina ta wanke tabkin. Ki gaida surukarki. Ƙwaryarki na nan rataye, ban ara wa kowa ba.

Yayarki,
Tambara