Korar da Ta Dawo Mana da Bulus

Salaga, Lahadi da dare, Fabrairu 1983

Bulus ya dawo! Ƙanena yana gida.

Tun da aka ce an kori 'yan Ghana daga Najeriya inda yake zaune, Mma mahaifiyarmu ta daina cin abincin kirki. Yau muna dawowa daga coci, sai ga maƙwabciyarmu Hajiya Salamatu ta fito ko mayafi babu, tana cewa, "Maman Bulus, yi sauri, ɗanki ya sauko daga motar Makango!"

Ya rame ƙwarai, jakarsa ma ta ɓace a hanya. Ya durƙusa ya ce, "Mma, ban kawo miki komai ba." Ta kama kunnensa, tana kuka tana dariya, ta ce, "Wa ya aike ka kawo wani abu?"

Shekara da shekaru tana aika masa ya zo gida, bai zo ba. Ɗazu na tuna yadda umarnin ƙidayar jama'a na Sarki Kaisar ya kai Maryamu Baitalami daidai lokacin haihuwarta. Mai mulki yana ganin shi ke juya duniya, alhali akwai Mai juya shi. Ban ce abin da aka yi wa mutane daidai ne ba. Wasu ba su iso ba, Ubangiji ya ta'azantar da iyayensu.

Masarar da ta rage mana kaɗan ce, amma Mma ta tuƙa ta duka, Hajiya kuma ta aiko da busasshen kifi. Yanzu Bulus yana can yana minshari, Mma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsa, ta ce nan za ta kwana.