Tashar Ashetu Mai Nono

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Ruwan jiya ya cinye kwalbatin hanyar Gumani. Motoci sun koma zagaye, kullum da hanyar da suke bi. A ofis murna ake yi, wai yanzu mutane za su san amfanin manhajarmu ta waya mai nuna hanyoyin motocin haya. Ni na bi trotro, motocin haya, da yalo-yalo masu ƙafa uku har bayana ya ƙage, ina tambayar direbobi inda suke tsayawa da lokacin da suke wucewa. Yau Malam Saeed, shugabanmu, sai cewa yake "bayananmu". Namu fa.

Alhamis, 4 ga Yuli
Na haɗu da Inna Ashetu a gindin ɗorawa, ƙwaryar nono a ka, tun asuba ba mota. Tun ban san hannun dama ba take tsayuwa a nan, har direbobi suka laƙaba wa wurin sunanta. Haka kuma na sa a manhaja: Ashetu Mai Nono. Na gaya mata Zuberu, direban da ke ɗaukarta, ya koma bi ta bayan makaranta. Ta ce, "Ɗiyata, ki riƙa faɗa mini da baki, ni wayata ta kira ce kawai." Na ce zan riƙa tura saƙon murya wa 'yarta Rahimatu duk yamma, ta gaya wa sauran masu nono.

Talata, 9 ga Yuli
Saƙon ya yi ƙafa. Har unguwar Kukuo ake sauraron muryata. Na ji daɗi, ba ƙarya.

Laraba, 10 ga Yuli
Malam Saeed ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya kunna mini muryata. Wai duk abin da na tattaro da sunan kamfani na kamfani ne, hanya da lokaci da sunayen tashoshi, ba mai sake amfani da su sai da izini. Na ce har sunan Inna Ashetu? Bai yi dariya ba. "Farhana, duk abin da ya shiga ma'ajiyarmu." Wai in ana samu kyauta wa zai biya, kuma in na sake, in ajiye musu katin aiki.
Na nemi izinin. Ya ce zai kai sama. Sama ina, Allah masani.

Asabar, 13 ga Yuli
Ban sake tura saƙon ba. Na ce wa Rahimatu wayata ce ta lalace.
Kafin in sami aikin nan na zauna gida har maƙwabta suka daina tambaya. Ba zan koma wannan zaman ba. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Juma'a, 19 ga Yuli
Zuberu ya tare ni a tasha. Ya ce su direbobi suka ba ni hanyoyin nan da bakinsu, ba su karɓi ko goro ba, yanzu shi ma sai ya biya kafin ya ga sunan tashar da shi ya raɗa. Ya ce jiya Inna ta jira shi a gindin ɗorawa har rana ta take, nonon ya yi tsami fiye da na sayarwa, ta juye wa karnuka.

Litinin, 22 ga Yuli
Izinin bai sauko ba. An sake canza hanya, ni da hannuna na shigar da safe: daga gobe Zuberu ta wajen masallaci zai bi.
Da yamma na ga Inna Ashetu a bakin titi. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta tambayi mamata, ta tambayi aiki, sannan ta ce, "Gobe ta ina motar za ta zo?"
Ba kowa kusa. Ba wanda zai ji.
Na ce, "Inna, ban sani ba."
Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ɗauki ƙwaryarta. Bakina ko rawa bai yi ba.