Auta Yana Zaɓen Jirgi

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da Yaya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ina ce miki Uwata ne don sunan Innarmu kika ci, ba don kin girme ni ba, kada kanki ya kumbura.

Wata magana na ji a bakin mai aski, shi kuma wai daga surukinsa da ke zaune kusa da ku: wai Yaya ta daina gane mutane. Na ce masa ya kula da almakashinsa kada ya yanke min kunne, ya bar min yayata. Matar da har yau take tuna kalar rigar da kowa ya sa ranar aurena, ita ce za ta manta fuska?

Duk da haka zan zo. Kin san kunnena ba ya shiri da waya, shi ya sa na rubuto. Na je ofishin masu sayar da tikiti na samo kamfani uku. Na farko daga babban filin jirgi yake tashi, kai tsaye har garinku, amma kuɗinsa sai ka ce idan an sauka za a bar min jirgin in tafi da shi gida. Na biyu daga ƙaramin filin bayan unguwarmu, da araha, sai dai a sauke ka a hanya ka wuni kan benci, kuma jaka ɗaya tal. Na uku kujerunsa da faɗi, ba ya ƙyashin kaya, amma filinsa sai an sha tafiyar mota, gwiwata kuwa kin san halinta. Ina so in taho wa Yaya da kan keken ɗinkin Inna, nauyinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Ina nazari.

Ki gaida kowa.
Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida su Goggo. Wasiƙarka ta iso. Na karanta wa Mama, ta yi dariya wajen maraƙin.

Kawu, maganar mai aski ba duka ce ƙarya ba. Da safe tana gane kowa, har faɗa take yi min kan yadda nake ninke zannuwa. Da yamma kuma takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Likita ya ce abin gaba yake yi, ba baya ba.

Don Allah ka hau na farkon. Ni zan biya. Keken ka bar shi, kai take tambaya.

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da tayinki, Allah ya yi albarka, amma ina da raina 'yar yayata ba za ta biya min kuɗin jirgi ba. Kuma kin manta aikin da na yi har na yi ritaya? Ni ne mai sayayya na ofishinmu. Ko tsintsiya ban taɓa saya ba sai na ji farashi daga baki uku, na kwana a kai. Wanda ya zo min da gaggawa, shi na fi zargi.

Mai tikiti ya ce in dakata hutun makaranta ya ƙare, kuɗin na farkon zai sauko sosai. Ya kuma raɗa min cewa kamfani na uku na shirin fara tashi daga ƙaramin filinmu. In haka ta tabbata kin ga an gama: ga araha, ga kujera mai faɗi, ga keke, ga fili a bakin ƙofa. Wauta ce mutum ya yi garaje ana saura kaɗan.

Batun suna kuwa kada ya dame ki. Ni ma sai na kira jikokina kaf kafin in faɗo kan wanda nake nema, kuma ba wanda ya kai ni wurin likita. Ki ce wa Yaya Autanta na nan tafe.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Hutun ya ƙare, yara sun koma, ga wani hutun ya zo.

Jiya Mama ta tambaye ni ko ni ce sabuwar mai aiki. Da safe ne, Kawu. Sunanka ne kawai bai bar bakinta ba, duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta ɗago ta ce, “Auta ne?”

Ga tikiti nan a cikin ambulan. Ban nemi shawararka kan kamfani ba. In za ka yi fushi, ka zo ka yi shi a nan.

'Yarka

*

Uwata,

Kina wurin aiki, ni kuma bakina ba zai iya wannan a gabanki ba, shi ya sa zan bar miki takardar a kan teburin falo.

Jiya kin tambaye ni yaya hanya, na ce lafiya. Gaskiya ta fi lafiya. A babban filin da nake tsoro saboda gwiwa, keken guragu suka kawo aka tura ni har bakin jirgi kamar ango. Keken Inna suka ɗora a sikeli, abin da suka karɓa bai kai kuɗin motar da na ƙona ina zaryar ofishin tikiti ba. Ban gama gyara zama ba aka ce mu ɗaura bel za mu sauka.

Jiya da na iso ta riga ta yi barci, sai yau da kika fita na shiga ɗakinta. Tana bakin taga, an ɗaura mata ɗankwali a karkace. Na yi sallama, ta amsa da kyau, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Na buɗe keken a gabanta. Ta shafa shi, ta juya hannun, ta ce, “Wannan na Innarmu ne. A ina ka saya, Malam?”

Na ce, “Yaya, ni ne. Auta.”

Ta dube ni da tausayi. Ta ce, “A'a, Auta bai iso ba tukuna, yana can yana zaɓen jirgi. Shi haka yake tun yana yaro, ko takalmi zai saya sai ya zagaye kasuwa ya dawo ƙafa ba komai. Amma zai zo. In ka riga ni ganinsa, ka ce kada ya damu da tsaraba.”

Na ce zan faɗa masa.

Mun jima muna hira, ta ba ni labarina tas, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da zan tashi sai ta riƙo hannun rigata, ta rage murya, ta ce, “Malam, ka ji abin da suke yaɗawa? Wai na daina gane mutane.”

Daga mai aski na fara jin maganar nan, na ƙaryata shi. Kika faɗa min, na yi miki wasa. Wadda ta faɗa min a ƙarshe Yaya ce.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki