Bas ɗin Yamma a Bakin Layinmu

Litinin, 4 ga Mayu

'Yata Auta ta shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci. Na ce ta kwashe, nan ba ofishinsu na tsara zirga-zirgar motoci ba ne. Ba ta kwashe ba. Wai so take na ji daga bakinta kafin na ji a titi: bas zai daina shigowa layinmu, zai riƙa miƙewa ta babban titi. Wai kewayen da yake yi cikin unguwa ne ke cinye masa lokaci. In aka yanke, motocin da ake da su za su riƙa zuwa duk minti goma, maimakon mutum ya tsufa a tasha.

Na ce, wa ya ja wannan jan layin a taswirar? Ta ce, "Ni ce, Mama." Ko kunya babu. 'Ya'yan yanzu da sun riƙe biro sai su manta wanda ya riƙe musu hannu suka koyi rubutu.

Laraba, 6 ga Mayu

Yau ma bas ya tsaya. Dab da magariba: birki, sai wannan hucin da ƙofar ke yi in ta buɗe. Babu wanda ya sauko. Ya ɗan jira, ya rufe, ya tafi. Kullum haka, tun rasuwar ɗana Dogo bara. Shi kaɗai ke sauka a nan daga wannan bas ɗin, daga gareji, riga duk baƙin mai, yana fito, ni kuma ina taga ina jiransa da faɗa. Ɗan mutunci ba ya fito a titi.

Ban gaya wa kowa ba. Na yi makaranta, ina da addinina, na san mamaci ba ya hawa mota. To wa ke danna wa direba ƙararrawa?

Asabar, 9 ga Mayu

Mai ɗinki, maƙwabciyata, ta shigo da surutunta. "Maman Injiniya, ashe 'yarki ta ga mun yi ƙiba, ta yanke mana motsa jiki?" Ta ce ita da gwiwarta ba za su kai babban titi ba sai dai a tura ta a baro. Za a yi taron jin ra'ayin jama'a a makarantar firamare, tana haɗa waɗanda za su ƙi. Na ce ta sa da ni, zan ma yi magana. Ba zan rufa wa ɓarna asiri don daga ɗakina ta fito ba.

Ban gaya mata dalilina ba. Ƙafata lafiya lau take.

Talata, 12 ga Mayu

Ni da Auta yau: "Ina kwana, Mama." "Lafiya." Shi ke nan.

Alhamis, 14 ga Mayu



Bas ya tsaya, ƙofa ta buɗe, sai na ga ƙafa ta sauko. Mutum dogo, jaka a kafaɗar hagu, yadda yake rataya tasa. Kofin shayi ya suɓuce mini. Na miƙe, na ji bakina ya buɗe da sunan da ban kira ba tun bara.

Auta ce. Makon nan aikinsu ke nan, su hau motocin suna ƙirga masu hawa da masu sauka a kowace tasha. Ban taɓa lura ta kamo tsawon yayanta ba. Da ta shigo na rufe ta da faɗa a kan takalminta da ta shigo da shi har tsakar ɗaki. Ta dubi fasasshen kofin, ta dube ni, ta je ta ɗauko tsintsiya.

Juma'a, 15 ga Mayu

Auta ta same ni a kicin, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ta ce jiya ta tambayi direban me ya sa yake tsayawa a tashar da babu kowa. Bai san ko 'yar wa ce ba. Ya ce akwai wani makanike da ke sauka a nan, mai tsayawa kusa da shi yana tsokanarsa, "Baba direba, giyar motarka na kuka, ka kawo ta asibiti." Da yaron ya rasu, ranar farko ƙafarsa ce ta taka birki don sabo. Sai ya hango wata uwa ta miƙe a taga. Tun ranar ya kasa wucewa.

Ashe babu mai danna komai.

Na ce, ni direban bas zai tausaya wa? Shi da aka ba amanar lokacin mutane yake ɓata shi a ƙofata, wannan ai ha'inci ne. Auta ta ce, "Mama, ni ma yayana ne. Ni na rubuta babu kowa a wannan tashar, da hannuna. Kin zaci da sauƙi?" Na ce ta rage murya, da uwarta take magana.

Ya kamata hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Da ina tsoron akwai wani. Yanzu na san babu.

Lahadi, 17 ga Mayu

Na ja labule, na koma ɗakin baya, na kunna rediyo. Duk da haka na ji ƙofar.

Asabar, 23 ga Mayu

Taron. Mun zauna a kan kujerun yara, gwiwa a ƙirji. Auta a gaba da taswirarta, ita da shugabanta, wani mai tumbi da ya bar mata duk maganar. Ta ce za a yi rumfa da benci a sabuwar tashar, a gyara hanyar ƙafa daga layinmu zuwa titi. Mai ɗinki ta ce a haɗa mata da sabuwar gwiwa. Aka yi dariya.

Wata mai shara a asibiti ta tashi, siririya, da yaro a kafaɗa. Ta ce ita in bas ya wuce ta, kafin wani ya zo ta yaye wannan ta haifi wani. An gargaɗe ta a wurin aiki saboda latti, saura kora. Ta ce ita za ta taka zuwa titi ko da rarrafe ne, muddin motar za ta zo. Ban so na saurare ta ba, amma muryarta irin mai shiga kunne ce.

Sai wani mai shagon taya, wanda tashar ke gaban shagonsa, ya miƙe yana nuna Auta da yatsa. "Ke yarinya, wa ya aiko ki? Marar tarbiyya, ki zo ki koya wa sa'o'in ubanki hanya?" Na ga fuskar Auta ta koma kamar ta ranar da muka dawo daga asibiti babu yayanta.

Lokacina ne dama, na tashi. Na shirya maganata tun daga gida, a kan tsofaffi da hakkin maƙwabtaka. Abin da ya fito shi ne: "Malam, tarbiyyarta ni na ba ta. In kana da ƙorafi a kai, ga ni. Sauke yatsanka." Ya sauke. Na tsaya ina neman sauran maganar, ban same ta ba, na zauna. Mai ɗinki ta mintsine ni. "Wannan ce jawabin?"

Da aka ce a ɗaga hannu, ban ɗaga wa kowane ɓangare ba. Masu son sabon tsarin sun fi yawa.

Lahadi, 31 ga Mayu

Ranar ƙarshe da bas zai shigo layinmu. Na yafa mayafi na fita na tsaya a tashar. Ƙofa ta buɗe a gabana. Direban ɗan tsoho ne ashe, ƙarami, da furfura, ya ɗora matashi a kujera don ya hango titi. Na ce, "Malam direba, aikinka tuƙi ne, ba leƙen tagogin mutane ba." Ya ce, "Haka ne, Mama." Ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan yaron nan. Har yau giyar ba ta samu mai jin kukanta ba."

Na buɗe baki zan ce amin. Wani daga baya ya yi ihu, "Direba mu je mana, ko zance ka zo?" Na ja da baya. Ya rufe.

Litinin, 1 ga Yuni

Magariba ta yi shiru. Wani kare, da yara masu ƙwallo. Na tsaya da wuƙa a hannu ban yanka komai ba, har Auta ta shigo ta karɓa.

Alhamis, 18 ga Yuni

Zan je asibitin ido, yana kusa da ofishin su Auta, don haka muka fita tare. Hanyar ƙafar ba a gama ta ba, an zube yashi an tafi, na gaya mata wannan sakaci ne. Benci kuma ƙarfe ne, zai ƙona mutane da rana. Ta ce za ta faɗa musu. Ban gama zama ba motar ta iso. Ban yaba ba, kada kanta ya kumbura.

Mun samu kujera. Kafin mu yi nisa kanta ya faɗo kafaɗata, baki a buɗe, a gaban mutane. Makonni ke nan ba ta barcin kirki, ina jin motsinta. Na ga tashar ofishinsu ta taho, mutane suka sauka, ƙofa ta rufe. Muka wuce asibitin ma. Ba wani abu ba ne, kanta ne da nauyi tun tana goye, kuma motar dawowa ba ta jimawa yanzu.

Gobe zan yi mata faɗan barci a mota. Ko jibi.